Yadda ake fita yawon ƙafa da iyali a ƙauyukan duwatsun Ɗa'ifa

Tun da aka shiga zafin bana ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci bayan Isha'i, a wajen ɗaurin aure, har a layin mai burodin tamis an tare ni: "Malam, wai wane wuri ne kuke zuwa da yara a Ɗa'ifa? Ta ina ake bi? Tsofaffi za su iya?" Na amsa wa mutum ɗaya, na amsa wa biyu, na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Zuwa Ɗa'ifa ba baƙon abu ba ne wurin mutanenmu na Makka da Jidda. Sai dai yadda aka saba shi ne a cika mota da tukwane, a hau Hada, wato saman dutsen da ke kan hanyar Makka zuwa Ɗa'ifa, a sami gindin bishiya a bakin titi, a shimfiɗa darduma dab da taya, a ci kabsa (shinkafa da nama), a sha shayi, a kwashe a dawo. Yara na kan waya tun daga gida har gida, babu wanda ya yi taku ɗari. Abin da nake nufi a nan daban ne: a kulle mota a bar ta, a bi hanyar ƙauye da ƙafa tsakanin gonaki na awa ɗaya ko biyu, da yara da mata da wanda ya manyanta, a dawo lafiya kowa na tambayar yaushe za a sake. Babu igiya, babu rarrafe a jikin dutse.

1. Auna mutanenka kafin ka auna hanya

Kafin ka buɗe taswira, lissafa waɗanda za su tafi, ka ware wanda ya fi kowa rauni a cikinsu. Shi ne zai yanke tsawon tafiyar, ba kai ba. A gidanmu ma'aunin biyu ne: gwiwar Hajiya mahaifiyata, da ƙafar autarmu 'yar shekara 5.

Babba mai lafiya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Da ƙananan yara a kan tudu, in kun yi kilomita 2 a awa kun yi ƙoƙari, don za a tsaya kallon ƙadangare, a tsaya cire tsakuwa daga takalmi, a tsaya fitsari. Fitar farko kada ta wuce kilomita 2 zuwa 3, zuwa da dawowa duka. Abin da na gani a gidana, yaran da suka haura shekara 7 suna iya kilomita 4 ko 5 ba ƙorafi, amma wannan sai a fita ta uku ko ta huɗu.

Mako guda kafin ranar, ku fita bayan Isha'i ku zaga unguwa na rabin awa, kowa da takalmin da zai sa. A nan za ka gane wanda takalmi ke matsa wa da wanda ke haki tun ba a je ko'ina ba.

Hattara: Makka tana wajen mita 300 ne daga saman teku, Ɗa'ifa wajen mita 1,800, Hada da Shafa, yankunan duwatsun da ke gefen Ɗa'ifa, kuwa mita 2,000 ko fiye. A wannan tsayin, iskar da ke shiga huhu a numfashi ɗaya ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Mai ciwon zuciya, mai asma da mace mai tsohon ciki su fara jin ta bakin likita. Wanda ya fi damuna shi ne yaro mai sikila, don ciwon ba baƙo ba ne a gidajenmu. Tsayi da sanyi da ƙishirwa, kowannensu na iya tayar da shi, a can kuma ukun ne a haɗe. Kada a kai shi sai likitansa ya yarda.

2. Zaɓi wuri

Wurare huɗu nake ba mutane, daga mai sauƙi zuwa mai nisa.

Saisad yana arewa maso gabashin garin Ɗa'ifa. Fili ne mai faɗi, da itatuwan ƙaya da ƙananan duwatsu, hawa kaɗan ne. A yankin ne tsohuwar madatsar ruwa take, wadda aka gina zamanin Mu'awiya a shekara ta 58 bayan Hijira, rubutun na nan a jikin dutse. In akwai tsoho sosai ko mai goyo, nan za a fara. Aibinsa ɗaya: bai kai saman dutse sanyi ba, don haka da hantsi ya yi a tattara.

Shafa ita ce zaɓina. Tana kudu maso yammacin Ɗa'ifa, tafiyar wajen rabin awa a mota. Ƙauyuka ne a warwatse a kan tuddai, gonaki an yi musu hawa-hawa da katangun dutse, ga itatuwan ar'ar masu ƙanshi, ga ƙananan hanyoyi da motocin manoma ke bi jefi-jefi. Waɗannan hanyoyin su ne abin nema. Suna da faɗi, ba a ɓacewa a kansu, kuma duk inda aka gaji ana iya zama a kan katanga. Wajen kwarin Zi Gazal akwai irinsu da yawa. Dutsen Daka kuma na kallo ne, a je a mota a ɗan taka a sama, amma hannun yaro na cikin naka.

Hada ta fi kusa da Makka, tana kan hanya ma. Akwai gonakin wardi, akwai motar igiya da ake kira talfarik mai sauka ƙauyen Kar a gindin dutse, akwai kuma tsohuwar hanyar raƙuma da aka shimfiɗe da dutse. Wannan hanyar tana da kyau a ido, tana da tarko, zan faɗe shi a mataki na 6.

Baha ta masu kwana ce, don ta haura kilomita 200 kudu da Ɗa'ifa. Dajin Ragadan yana gefen gari, da inuwa da hanyoyin da aka gyara. Ƙauyen Zi Ain mai gidajen dutse, da idon ruwa da ayaba a gindinsa, yana can ƙasa ta ɓangaren Tihama, ƙasar da ke gindin duwatsun wajen Bahar Maliya, wato wuri ne mai zafi. A bar shi sai lokacin sanyi. Ban ba kowa shawarar ya fara da Baha ba.

Duk wanda ka zaɓa, buɗe taswirar waya ka sauya ta zuwa hoton tauraron ɗan Adam, ka nemi hanya mai faɗin da mota za ta iya bi, wadda ba ta bi ta cikin kwari ba, ba ta kuma bi ta bakin kwazazzabo ba. Sauke taswirar yankin a wayarka tun a gida, don akwai lungunan da sabis ke ɗaukewa.

3. Tsayar da rana da sa'a

Daga Maris zuwa Afrilu ake tsinkar wardi, kuma da sassafe ake yi kafin rana ta yi zafi. In kun isa da wuri za ku tarar da ma'aikata da buhuna, ƙanshi ya cika hanya. Lokacin zafi kuma shi ne na inabi da ɓaure da barshumi ('ya'yan wani tsiro ne masu ƙaya a jiki), rumman na biyo baya. Lokacin sanyi ana iya zuwa, amma sanyin Shafa ba na wasa ba ne, kuma hazo ya fi yawa.

Asabar ta fi Juma'a, don ba a cikin sauri saboda masallaci, kuma cunkoso ya fi sauƙi da safe. A yi sallar Asuba a tashi. Daga Makka awa ɗaya ta kai ka Hada, awa ɗaya da rabi ko fiye kaɗan ta kai ka Shafa. Daga Jidda ƙara awa ɗaya a kai. Burin shi ne ƙafa ta fara taka ƙasa kafin ƙarfe 8, a gama kafin 11. Hadarin duwatsun nan yawanci da rana zuwa la'asar yake haɗuwa, wanda ya yi sammako ya riga shi.

Daren tafiya duba sanarwar hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ka sake dubawa da Asuba. In an yi gargaɗin ruwa ko hazo a Ɗa'ifa, a ɗage. Yara za su yi kuka, su yi.

Hattara: in lokacin aikin Hajji ya gabato ana hana shiga Makka sai mai izini ko mai iƙamar Makka, wato takardar izinin zama. Mutanen Jidda su san ta inda za su bi tun kafin su tashi, na Makka kuma kada su bar takardunsu a gida, don a dawowa akwai shingen bincike. Ko ba lokacin Hajji ba, kowane babba ya riƙe iƙamarsa.

4. Haɗa kaya tun dare

Ba a fafe gora ranar tafiya. Komai ya shiga jaka kafin a kwanta.

Takalmi shi ne kan gaba. Kambas mai rufi, mai ƙasa da zane-zane, da safa. Silifas da takalmin fata mai santsi su ne ke jawo yawancin faɗuwa, musamman a gangare mai tsakuwa. Kada a sayi sabon kambas jiya a sa shi yau, zai yi wa diddige bororo kafin a yi kilomita ɗaya. Mata su sa abaya wadda ba ta jan ƙasa, da wando a ciki, don doguwar abaya tana kama ƙaya, kuma ana taka ta a wajen hawa. Maza a ajiye doguwar jallabiya a mota don salla, a yi tafiya da wando da riga.

Kowa ya ɗauki rigar sanyi ko da kuwa a Makka gumi ake. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6, ga iska. Hula ko malafa ma dole ce, don ranar saman dutse tana ƙona fata ba ka ji ba saboda sanyin iska.

Ruwa: lita ɗaya da rabi ga kowane babba, lita ɗaya ga yaro, a jakar baya, ban da wanda aka bari a mota. Abin taɓawa a hanya ya zama mara nauyi, dabino, ayaba, gyaɗa, biskit. Kabsa da fulas ɗin shayi su jira a mota.

Sai ƙaramar jakar magani: filasta, bandeji mai naɗewa saboda targaɗe, maganin ciwon kai, hantsaki na cire ƙaya, da maganin da kowa ke sha kullum. Mai ciwon suga ya sa dabino a aljihunsa, ba a jakar wani ba. Mai asma abin shaƙarsa na jikinsa. Ƙara da tocila, batirin cajin waya, ledar shara, buta, da sanda ga duk mai ciwon gwiwa. Na saya wa kowane yaro usur na rataya masa a wuya, da sharaɗin ba a busawa sai in an daina ganin babba. Sharaɗin bai cika rayuwa fiye da minti goma ba, amma usur ɗin yana da amfani.

Keken jarirai a bar shi a gida, ba ya tafiya a tsakuwa. Goyo da zani da majanyi ya fi shi nesa ba kusa ba.

Maganar kuɗi, ga lissafinmu daga Makka zuwa Shafa da dawowa. Tafiyar ta kusa kilomita 250 in an haɗa da 'yan zagaye. Motata tana shan wajen lita 30 saboda hawa, a kan riyal 2.18 kowace lita ta mai lamba 91, wato wajen riyal 65. Katan ɗin ruwa a shago riyal 15 zuwa 20. Abinci daga gida. Kambas ɗin yara na riyal 40 zuwa 60 na saya, sun kuma ishe su. Hanyoyin ƙauye ba a biyan ko sisi. Abin da ke cin kuɗi shi ne talfarik, da kayan marmari a bakin hanya, da ɗakin kwana in za a kwana, wanda farashinsa ke tashi sosai lokacin hutun makaranta. Tambayi kuɗin waɗannan kafin ka yi wa yara alkawari.

5. Mota da hawan dutse

Hanya biyu ce daga Makka. Ta Hada ta fi kusa, amma lanƙwasa ce a kan lanƙwasa a jikin dutsen Kara. Ta Sail ta fi tsawo, ta fi kwanciyar hankali. Ana rufe ta Hada wani lokaci saboda ruwa ko hazo ko gyara, don haka bincika kafin ka kama ta.

Duba ruwan lagireto, birki, iskar taya da safaya tun jiya. Cika tanki a ƙasa. In mota tsohuwa ce, kashe na'urar sanyi a wajen hawa ka sauke gilashi, ido na kan allurar zafi. Yara a baya da bel, ba a kan cinya a gaba ba.

Hattara: lanƙwasar Hada tana sa yara jiri da amai. Kada a cika musu ciki da ful (dafaffen wake) da mai kafin a tashi, ɗan shayi da burodi ya isa. A karɓe wayoyi, su riƙa kallon gaba, leda na kusa da hannu. In yaro ya yi amai, kada ka tsaya a kan kwana, jira sai wurin da aka ware don tsayawa.

6. Inda za ka ajiye mota, da gefen da za ka fara

Wannan shi ne matakin da na fi so a karanta sau biyu. Ka ajiye mota a ƙasa, ku fara da hawa, ku dawo da gangara. Kada ka yi akasin haka.

Fitarmu ta farko na yi akasin haka. Muka tsaya a saman Hada, muka kama tsohuwar hanyar raƙuma muna gangarawa. Safiya ce mai daɗi, duwatsun da aka jera sun yi sumul saboda daɗewa, Tihama na can ƙasa cikin farin hazo. Yara na tsalle daga dutse zuwa dutse, Hajiya ma har tana ba da labarin yadda suke zuwa itace suna 'yan mata. Minti 40 muka yi ba wanda ya ji komai. Da na ce a juya, muka ɗaga kai muka ga inda mota take, sai kowa ya yi shiru. Dawowar ta ci kusan awa biyu. Auta a wuyana, jaka biyu a hannun uwargida, ruwa ya ƙare saura rabin hanya. Hajiya ta zauna a kan wani dutse, ta dafa sanda da hannu biyu, ta dube ni. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai wannan, yawo ka ce za ka kawo ni ko hukunci?" Na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, saura kaɗan." Ta ce, "Tun ɗazu saura kaɗan." Kwana uku tana salla a zaune.

Gangara yaudara ce, ba a jin ta sai an juya. In dole sai daga sama za a fara, kamar a wannan hanyar ta Hada, minti 10 zuwa 15 kawai a sauka a juya, kuma tsofaffi su zauna a sama.

Wurin ajiye mota kuma: kada ya zama cikin kwari, kada ya toshe ƙofar gona ko hanyar da motar manomi za ta wuce. Sa alamar wurin a taswirar waya, ka aika wa wani ɗan'uwa da ke gida, ka gaya masa ƙarfe nawa kuke sa ran dawowa. Rufe gilashi ruf, abinci kuma a but.

7. Tafiyar kanta

A jeru: babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, yara da tsofaffi a tsakiya. Ba mai wuce na gaba, ba mai zama bayan na baya. Saurin tafiyar shi ne wanda mafi rauni zai iya magana yana tafiya ba tare da haki ba. In Hajiya ta daina hira, na san mun yi sauri.

Juyawa da agogo ake yi, ba da wuri ba. Kafin a ɗaga ƙafa a yanke: awa ɗaya da rabi za mu yi, bayan minti 45 za mu juya ko mun kai ina. Mazan gida ne ke karya wannan, da "bari mu ga abin da ke bayan wancan tudun". Bayan wancan tudun wani tudun ne.

Duk minti 20 a tsaya minti 5, kowa ya sha ruwa ko bai ji ƙishi ba, don a sanyi ba a jin ƙishi sai jiki ya riga ya bushe. A duk mararraba a tsaya a waiwaya, a ɗauki hoton hanyar ta gefen da za a dawo, saboda hanya tana sauya kama in an juya. Yaron da ya fara cewa ya gaji, a ba shi aiki: ya ƙirga katangu, ko ya zama mai duba agogo. Wanda ya ce takalmi na cizonsa, a tsaya nan take a manna filasta kafin fata ta tashi.

A gangare a gajarta taku, a ɗan karkata jiki gefe, sanda na gaba. Ba gudu. Mai goyo kada ta riƙe komai a hannu.

Hattara: hoto a bakin kwazazzabo. Duwatsun gefen Hada da Shafa suna yankewa ne kai tsaye, wani wurin ba shinge. Taku biyar daga baki ya isa kowane hoto.

8. Birai, karnuka da gonakin mutane

Biran Hada da Shafa da Ragadan manya ne, irin bika, kuma sun san leda. Wata fita babban ɗana na riƙe da ledar tamis, sai ga wani ƙaton namiji mai furfurar wuya ya sauko daga katanga. Bai yi gudu ba, bai yi ihu ba. Ya tako a hankali kamar mai zuwa karɓar bashi, ya miƙa hannu ya fizge ledar, ya koma kan katanga ya zauna yana yaga yana kallonmu. Yaron ya daskare, sai da birin ya cinye rabi sannan ya fashe da kuka.

Abinci ya kasance cikin jakar baya a zuge. Kada a ci komai a gabansu, kada a zura musu ido, kada a jefe su, kada a kusanci mai ɗa. In sun kama leda a sakar musu. Ba su abinci laifi ne da ake cin tara a kai, kuma shi ya lalata su tun farko. Cizo ko yaƙushi, a wanke da ruwa da sabulu sosai a nufi asibiti ranar.

Inda ka ga garken awaki akwai kare. A tsaya, a tattara yara a bayan manya, a kauce a hankali ba gudu. Maciji da kunama na ƙarƙashin duwatsu da cikin ramukan katanga, don haka a hana yara ɗaga dutse ko zura hannu a rami. In ka ga akwatunan zuma ko amya a jere, ku ba su tazara.

Gonakin nan duk da masu su, ko da ba ka ga kowa ba. Ba a tsallake katanga, ba a tsinki rumman ko fure. In kun haɗu da mai gona ku yi sallama ku tambayi hanya. Sau da yawa da kansa zai nuna inda ya fi sauƙi, wani ma har ya kira ku gahawa. Ɗaukar hoton mutane ko gidajensu ba izini, musamman mata, laifi ne a doka, ka ja wa samarinka kunne.

9. In hazo ya rufe ko hadari ya taso

Hazon Shafa yana zuwa ne cikin 'yan mintuna, ka ga gari tas, ka waiwaya ka kasa ganin wanda ke taku goma a bayanka. In ya zo, kowa ya tsaya inda yake, a haɗu a riƙe hannu. In kuna kan faffaɗar hanya ku bi ta a hankali ku koma. In ba ku tabbata da hanyar ba, ku zauna ku sa rigunan sanyi ku jira. Nan ne usur ke aiki.

Da jin tsawa, a sauka daga kan tudu, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, a nufi mota. Kada a fake a cikin kwari. Ruwan da aka yi a wani dutse da ba ka gani yana iya zuwa ya cika busasshen kwari alhali inda kake ko ɗigo bai sauka ba. Kada a ratsa ruwa mai gudu, da ƙafa ko da mota.

Lambobin da za ka sa a wayar kowa: 911 a yankin Makka, wanda Ɗa'ifa ke ciki, 997 motar asibiti, 998 jami'an ceto da kashe gobara.

10. Abinci, wuta da salla

Sai an dawo mota ake shimfiɗa darduma. Yanzu kabsar za ta yi daɗin da ba ta taɓa yi ba. In za a dafa shayi, ƙaramin gas ya isa. Hura wuta a daji ko wurin shaƙatawa a inda ba a ware ba yana jawo tarar da za ta iya kaiwa riyal 3,000, sare itace ko ɗibar itacen wurin ma laifi ne, kuma jami'an kare muhalli suna zagayawa. Shara duka ta koma leda ta bi ku, har da ɓawon ayaba, don shi ke kiran birai.

Kusan kowane ƙauye da masallaci da wurin alwala, a nan ma za a rage wa mata da yara matsalar banɗaki. Ruwan alwala a can yana da sanyi, a riƙe ɗan tawul saboda tsofaffi.

11. Saukowa

A bar dutse da sauran rana, kada Magariba ta same ku a kan lanƙwasa. In za a sayi kayan marmari a bakin hanya, barshumi a bar mai sayarwa ya fere shi, ƙayarsa siririya ce, in ta shiga yatsan yaro an shiga uku. Wanda ya yi niyyar Umara a dawowa ya taho da haraminsa tun daga gida, miƙati na kan hanya: Wadi Muharram ta Hada, Ƙarnul Manazil ta Sail.

Hattara: saukar Hada ita ce mafi haɗari a duk tafiyar, ga shi direba ya gaji kuma ya ƙoshi. Sa ƙaramar giya, ko da motar mai canja giya da kanta ce, ka bar inji ya riƙe ta. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. In ka ji warin ƙuna, nemi wurin tsayawa ka jira ya huce, kada ka zuba masa ruwa. In barci na fizgarka, kwanta minti 20 kafin ka tayar da mota. Kunnuwa za su toshe a hanya, a haɗiyi yawu, jariri kuma a ba shi nono.

Da an isa gida a duba ƙafar kowane yaro, a cire ƙaya, a wanke bororo a rufe. Rubuta nisan da kuka yi da lokacin da ya ci. Washegari da safe in ka je gaida Hajiya ka tambaye ta gwiwa. In ta ce lafiya lau, fita ta gaba a ƙara rabin kilomita. In ta yi shiru tana murza ta, a koma Saisad.